Wanda Ya Ɗauke Hular Delmer

Sanyin da ya buge ni a fuska lokacin da na tura ƙofar ɗakin tarihi shi ya fara gaya mini ba lafiya. Tagar baya a fashe take. Akwatin gilashin da ke tsakiyar ɗaki kuwa murfinsa a ɗage, kan mutum-mutumin katako da muke ɗora hular a kansa yana nan tsirara.

Sunana Dobrila. Ni ke riƙe da mabuɗin ɗakin tarihin ƙauyenmu na Dubravik, wanda a da ajin makaranta ne. Akwai tsofaffin garemani a ciki da hotuna da kayan saƙa, amma ba wanda ke hawo dutse don su. Hular ake zuwa gani. Hular fata ce ta wani Ba'amurke matuƙin jirgin yaƙi, Delmer, wanda aka harbo jirginsa a bayan dutsenmu lokacin yaƙin duniya na biyu. Mahaifin Kaka Stamena ne ya ɓoye shi a saman rumbun ciyawa har ya warke, da zai tafi ya bar musu hular. Kaka Stamena tana yarinya a lokacin. Yanzu ta tsufa tukuf, idonta ya kusa rufewa, amma duk ranar idin ƙauye sai an riƙo hannunta ta zo ta gaida hular ta bayan gilashi.

Kuma a safiyar nan ce Malama Isidora, masaniyar kayan jiragen yaƙi daga Belgrade, babban birninmu, za ta duba hular. Ni na gayyato ta, don jikar Delmer ta ce za ta zo da bazara, ina son a tantance hular a san darajarta kafin nan. Tun jiya da yamma baƙuwar ta sauka a masaukin Zorka.

Ban san lokacin da na yi ihu ba. Kafin in dawo hayyacina rabin ƙauye ya cika farfajiya.

Tihomir, shugaban kwamitin ƙauye, ya kutso yana maɓalla rigar sanyinsa. Ya leƙa akwatin, ya dafe kai.

"An kashe mu," ya ce. "Na kira 'yan sanda, sun ce hanya ta toshe da ƙanƙara, sai gobe."

"Wane ɗan sanda kuma?" in ji Zorka daga baya. "Ƙauyen nan mutum nawa ne ke tonon kayan yaƙi yana sayar wa baƙi?"

Ba ta ambaci suna ba, amma kowa ya juyo ya dube ni. Vidak ƙanena ne. Shi ne ke yawo a dawa da na'urar gano ƙarfe, yana tono kwanson harsashi da maɓallan soja yana kaiwa kasuwar garin Chachak. Ya taɓa zama gidan yari kan wani faɗa, ƙauyen kuma bai manta ba.

"A je gidansa a kwance ɗakin tarkacensa!" wani ya ɗaga murya. "In bai fito da ita ba a cinna masa wuta."

"Ku yi haƙuri," in ji Tihomir, amma a hankali ya faɗa, kamar wanda ba ya son a ji.

Na zame ta ƙofar gefe, na ruga gidan Kawu Obrad.

Kawu Obrad tsohon mai gadin daji ne. In kerkeci ya ɗauki tunkiya, ko saniya ta ɓace, ko yaro ya yi makuwa a dawa, shi ake kira. Na same shi yana faskare. Ya saurare ni har na gama, ya ɗaga kai ya dubi rana.

"Ƙanƙarar nan ba za ta kai azahar ba," ya ce. "Mu je."

Da muka iso ya daka wa jama'a tsawa su ja baya.

"Kun tattake farfajiya kamar garken shanu! Kada wanda ya zagaya baya." Ya dubi Tihomir. "Kum, ka riƙe mini su."

"An gama, kum," in ji Tihomir. Obrad ne ya tsaya wa Tihomir ranar aurensa a coci, shi ya sa suke kiran juna kum, kuma a wajenmu wannan zumunci ya fi na jini nauyi.

Ni kaɗai ya yarda na bi shi. A bayan ɗakin ya tsuguna ƙarƙashin taga, ya ɗauki ɓaraguzan gilashi da yatsa biyu.

"Duba, 'yata. A waje suka zube, kuma a saman ƙanƙara. Daga ciki aka fasa, bayan ta daina sauka, wajen asuba ke nan. Mutumin ta ƙofa ya shiga. Tagar nan don idon mutane ya fasa ta. Wa ke da mabuɗi?"

Na ciro nawa daga aljihu.

"Ni. Shugaba ma yana da shi, amma ya ce nasa ya ɓace tun bara."

"Naki ya taɓa kwana a hannun Vidak?"

"Wallahi bai taɓa ba, Kawu."

Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Ya matsa gaba inda sawu ya fito daga kusurwar ɗakin ya nufi gangare. Takalmin roba ne mai dogon wuya, irin wanda kowane namiji a Dubravik ke sawa, daga shago ɗaya. Obrad ya daɗe yana kallon sawun. Na ga fuskarsa ta sauya, ya ciro hularsa ya share goshi, alhali sanyi na neman tsinke mini yatsu.

"Kawu, na wa ne?"

"Bari mu fara gaida baƙuwarki," ya ce.

Na san ya gane wani abu. Na kuma san gangaren nan gidan Vidak yake nufa.

Mun tarar da Malama Isidora a ɗakin cin abinci na masauki, gahawarta ta huce a gabanta. Zorka na tsaye a kanta, hannu a ƙugu.

"Tun da muke, hular nan ba ta yi ƙafa ba sai da masu ilimi suka zo," in ji Zorka.

"Ki nuna musu takalmana mana," in ji baƙuwar. "Ai tun jiya kika ɗauke su kika kai gindin murhu. Da safa zan hau dutse?"

Zorka ta yi tsaki ta shige kicin. Obrad ya ja kujera ya zauna.

"Malama, ni ban san hula ba. Mene ne a jikin tsohuwar fata da zai sa mutum ya fasa taga?"

"Fatar kanta ba wani abu ba ce," ta ce. "Irin wannan hula an ɗinka ta jibgi guda lokacin yaƙi. In ka samu mai kyau, da robobin kunnenta da wayar rediyo da maɓallan da ake maƙala abin shaƙar iska, kuɗinta bai wuce na ɗan maraƙi ba. Amma taku tana da suna a ciki da hannun mai ita, an san jirginsa, an san inda ya faɗo, ga hotonsa sanye da ita, ga wadda ta ba shi abinci tana raye. Masu tara kayan yaƙi labari suke saye. A kan irin wannan wani zai ba da abin da zai sayi motar noma."

"Ɓarawo zai iya sayar da ita cikin sauƙi?"

"A nan matsalarsa take. Sunan da ya ba ta daraja shi zai tona shi. In ya goge sunan, ta koma kuɗin maraƙi. In ya bar shi, sai ya samu mai saye da zai ɓoye ta a ɗaki ya yi shiru. Akwai su, amma ba kowa ya san ƙofarsu ba."

Obrad ya miƙe.

"Ki karɓo takalmanki, Malama. Wataƙila in buƙace ki."

Muka koma kan sawun. Rana ta fara taɓa ƙanƙara, gefen kowane sawu yana zubewa. Obrad na tafe a gefe yana duƙawa. Sawun ya gangara ta bayan coci, ya ratsa gonar Zorka, ya tsaya cak a ƙofar shingen Vidak. A nan aka tattake wurin sosai, kamar an daɗe ana tsaye.

Vidak ya fito da gatari a hannu, idonsa ja.

"Yaya, ke ma da ke aka zo ƙona ni?"

"Ajiye gatarin nan, shashasha," in ji Obrad. "Ina ka je da asuba?"

"Ina barci."

"Takalminka da ke bakin ƙofa a jiƙe yake. Shi kaɗai ya fita shan iska?"

Na riƙe shinge.

"Vidak, don Allah ka faɗi gaskiya. Mutane na can suna neman kalanzir."

Ya dubi ƙasa, ya dubi Obrad, sannan ya shiga ɗaki ya fito da zomaye biyu a rataye, igiyar tarko a wuyansu.

"Ga inda na je. Dajin gwamnati. Gaban mai gadin daji kike so in yi ta shela?"

"Na yi ritaya," in ji Obrad. "Miƙo takalmin in gani." Ya duba tafin takalmin, ya duba sawun da ke ƙofar shinge. "Naka yana da faci a dunduniya. Ga sawunka can ya fita ta baya ya hau dawa. Wannan na gaba ba naka ba ne."

"To uban wa ya zo ƙofata?"

"Wanda yake son a ce nan aka kawo ta. Shiga ɗaki ka kulle, kada ka buɗe wa kowa sai ni."

Daga ƙofar shingen sawun bai koma ba, bai kuma yi gaba ba. Obrad ya zagaya wurin har na fara tunanin ya ɓace masa. Can ya nuna mini bakin rafin da ke wucewa gefen gidan, inda siririyar ƙanƙarar gaɓa ta karye.

"Ruwa ya shiga, don ya ɓad da sawu."

Muka bi rafin, shi a wannan gaɓa, ni a waccan. Can ƙasa, kusa da tsohon injin niƙa da aka daina amfani da shi, sawun ya fito. Ya je bakin tafkin da ke bayan injin, ya tsaya. Kusa da wurin akwai gurbin dutse a cikin laka, sabo, dutsen babu. Obrad ya saro doguwar sanda mai ƙugiya ya shiga laluben ruwan. Bai daɗe ba ya jawo buhun taki, an ɗaure bakinsa da waya.

Hular tana ciki, tare da dutsen.

Na rungume ta a jiƙe, hawaye na zuba. Obrad kuwa ya zauna a kan kututture kamar an zare masa ƙashi.

"Kawu, ai mun same ta!"

"Wa zai saci abin da ya kai motar noma ya jefa shi a ruwa?" ya ce. "Je ki kira Malama. Ta nan bayan, kada kowa ya gan ku."

Malama Isidora ta shimfiɗa gyalenta a kan dutsen niƙa ta ɗora hular. Ta juya ta, ta shinshina, ta latsa robar kunne da babban yatsa. Ta ciro ƙaramin gilashin ƙara girma ta duba ƙyallen da aka ɗinka a ciki mai sunan kamfani. Tana dubawa fuskarta na ɗaurewa.

"Wa ya taɓa fitar da ita daga akwati?"

"Ba a fitar da ita. Me ya faru?"

"Robar da ta kai shekarun yaƙi takan bushe ta tsattsage. Wannan tana lotsawa ta dawo. Fatar ciki ya kamata ta yi duhu a goshi da ƙeya, inda gumin mutum ya ci ta. Wannan duhunta ko'ina ɗaya ne, shayi aka jiƙa ta da shi. Kawu, akwai ashana?"

Ta tsinko ɗan zare daga cikin ɗinki, ta kai shi bakin wuta. Zaren ya nannaɗe ya zama ɗan baƙin ƙulli mai tauri.

"Zaren auduga toka yake zama. Wannan na roba ne, irin na yanzu. Wanda ya yi ta gwani ne, ta bayan gilashi ni ma zai iya ruɗa ni. Amma hular nan ba ta taɓa shiga jirgi ba."

Na zauna a ƙasa. Obrad ya gyaɗa kai a hankali.

"Abin da ya rage mini ke nan," ya ce. "Tun safe na san wa. Dalili ne ban sani ba."

Da la'asar ya tara mutane a ɗakin tarihi. Ya sa aka ɗauko Kaka Stamena aka zaunar da ita kusa da murhu. Vidak ya tsaya a bango, ba wanda ya matsa kusa da shi. Tihomir na gaba, Zorka na gefensa.

Obrad ya zazzage buhun a kan tebur. Ɗakin ya ɗauki hayaniya. Ya ɗaga hannu, ya ɗauki hular ya sa a cinyar tsohuwa.

"Kaka, taɓa ki gaya mana."

Rabonta da ta riƙe hular tun ranar da ta ba ƙauye ita. Ta shafa ta, ta sa yatsa cikin kunnen hagu, ta yi ta lalube. Ta sake lalubawa.

"Ina ɗinkin?" ta ce. "A nan ƙarfe ya yage ta har ya ji masa ciwo. Innata ce ta ɗinke da baƙin ulu, ni na riƙe mata fitila. Wannan ba tasa ba ce. Wa ya kawo mini wannan?"

Malama Isidora ta yi bayanin roba da zare a taƙaice.

"To kun ji," in ji Obrad. "Wanda ya fasa taga yau ba hula ya zo sata ba. Ya zo ne ya kawar da ta jabu kafin idon da ya san hula ya gan ta. Ta gaskiya ta daɗe da barin ƙauyen nan. Dobrila, tun da kike, ta taɓa fita daga ɗakin nan?"

Sai a lokacin na tuna.

"Sau ɗaya. Shekarar da aka yi baje kolin tarihi a birni. Shugaba ne ya kai ta, shi ya dawo da ita."

"Wannan ba hujja ba ce," in ji Tihomir. "A can ma ana iya musanya ta."

"Ana iya," in ji Obrad. "Amma sawun asuba fa? Takalmin kowa ne, tafiyar ba ta kowa ba ce. Ƙafar dama tana karkata waje, tana jan dunduniya. Ranar da motar noma ta danne ƙafar nan, ni na goyo mai ita daga gona zuwa titi. Kum, ko a makance zan gane tafiyarka."

Tihomir ya nemi kujera ya zauna.

"Ku ɗaga kai ku dubi rufin nan," ya ce. "Kun tuna lokacin da ruwa ke zuba a kan hotuna? Na yi ta zirga-zirga ofis-ofis, ba wanda ya kula ni. A wajen baje kolin wani mutum daga Ostiriya ya tare ni, ya ce zai ba da kuɗi, ya kuma ba ni wata irinta sak. Na ce muku gwamnati ce ta yi rufin. Ko dinari ɗaya bai shiga aljihuna ba."

"Kujerar shugaba ta shiga," in ji Vidak daga bango. "Da rufin nan ka ci zaɓe."

"Rufin na ji," in ji Obrad. "Da shi kaɗai ne, da na tsaya kusa da kai na roƙa maka gafara. Amma daga nan zuwa tafki hanya miƙaƙƙiya ce. Me ya kai ka ƙofar yaron nan? Ka tsaya ka tattake wurin don a gani. Da safe ana maganar kalanzir kana tsaye."

Kaka Stamena ta ture hular daga cinyarta ta faɗi ƙasa.

"Shekara da shekaru ina zuwa ina gaida abin da bai san ni ba," ta ce. "Tihomir, ni na yi maka wanka ranar da aka haife ka. Ka je ka dawo mini da hular Delmer kafin in mutu."

Zorka ta matsa wajen Vidak tana murza gefen zanenta, ta ce ta ji labarin zomayensa, in yana so ya kawo ta dafa masa. Ya dube ta sama da ƙasa, ya fita abinsa.

Da 'yan sanda suka zo washegari, Tihomir da kansa ya tare su ya faɗi komai. Ya sauka daga kujera. Da aka ba shi izinin tafiya, shi da Obrad suka hau motar safa zuwa Ostiriya neman mutumin. Direban ya ce har suka sauka ba su zauna kujera ɗaya ba. Sun tarar mutumin ya rasu, 'ya'yansa sun kwashe kayansa sun kai wata kasuwar masu tara kayan yaƙi, an sayar wa wanda ba su riƙe sunansa ba. Obrad ya dawo shi kaɗai. Tihomir ya zarce wajen 'yarsa a Chachak, bai sake kwana a Dubravik ba.

Jikar Delmer ta zo da bazara. Na nuna mata akwatin babu komai, na gaya mata gaskiya. Ta roƙi a kai ta wajen Kaka Stamena, suka wuni a gindin rumbun ciyawa, ɗaya ba ta jin yaren ɗaya.

Malama Isidora ta ce irin wannan hula ba ta ɓacewa har abada, wata rana mai ita zai mutu ko ya gaji, ta fito kasuwa. Ta koya mini wuraren da ake sa hotunan kayan gwanjo a intanet. Kowace safiya kafin in buɗe ɗakin tarihi sai na duba su ɗaya bayan ɗaya, ina buɗe hoton kunnen hagu. Kaka Stamena ba ta iya tashi yanzu. Duk Lahadi bayan coci nakan biya ta wajenta, tana jin motsin ƙofa take juyo da kai.

"Dobrila ce? An gan ta?"

"Tukuna, Kaka."

"To ki ƙara dubawa," takan ce. "Ni dai ina nan."